Gizo ko Sindirela: wane labari za mu ba yaran unguwa su kwaikwaya?

Malama_Binta:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka taɓa yin irin wannan aiki. Ni malamar firamare ce a Tudun Wadan Zariya. Dogon hutu ya gabato, mu kuma iyaye mata na layinmu mun gaji da ganin yara daga waya sai talabijin. Muka shirya mu tara su, 'yan shekara 7 zuwa 13, a koya musu wasan kwaikwayo, ƙarshen hutu su nuna wa iyayensu a harabar wata makaranta da aka ba mu aro. Kan labarin da za a yi ne muka rabu biyu. Wasu na son Sindirela, wai yara sun san ta a katun kuma za su ƙaru da Turanci. Ni raina ya fi kwantawa da tatsuniyarmu ta 'yar mowa da 'yar bora, wadda aka aika wankin ƙirgi a ruwan Bagaja. Abin da ya tayar min da hankali shi ne, da na tambayi yaran wa ya san matar Gizo, kaɗan ne suka iya cewa Ƙoƙi. To wanne ya kamata? A fara da abin da suka sani, ko a koya musu abin da ya kamata su sani?

Baban_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Malama, ai tambayarki ta amsa kanta. Yaron da bai san Ƙoƙi ba shi ne ya fi buƙatar wannan wasan. Sindirela tana da masu tallata ta a duniya, Gizo kuwa ku kaɗai ya rage masa.

Ummu_Khairat:
Baban Sadiq, ban ƙi ta taka ba, amma ka taɓa riƙe yara ashirin a wuri ɗaya na awa biyu cikin hutu? Idan labarin bai ja su ba tun rana ta farko, rana ta uku rabinsu suna filin ƙwallo. 'Yan mata suna son rigar gimbiya, wannan gaskiya ce. Ni da za a bi tawa, a shigo da su da Sindirela bana, baɗi a yi ta gida.

Tsohon_Hedimasta:
Malama Binta, Allah ya yi albarka, wannan aiki ne babba kika ɗauko. Ni na koyar tun shekarun 1970, lokacin da littattafan tatsuniyoyi da wasanni na marigayi Ibrahim Yaro Yahaya suke hannun yaran firamare. Abin da na gani da idona shi ne, tatsuniya ba ta buƙatar a wahala kafin a mai da ita wasa, domin rabinta dama wasa ne. Kakar da ke ba da ita tana sauya murya, ta yi ta Gizo da tsamin bakinsa, ta yi ta Kura, ta rera waƙa yara su amsa. Ku duba ta ruwan Bagaja ɗin nan. Yarinya tana tafiya, duk kogin da ta tarar sai ta tsaya ta rera ta tambaye shi ko shi ne, kogi ya amsa mata. To ga aiki nan na yara goma: su jeru su riƙe zane suna kaɗa shi, su ne kogi, su ne 'yan amshi. Ba yaron da zai zauna a benci yana kallon 'yan'uwansa. A Sindirela kuwa mutum nawa ne ke da magana? Yarinya, matar uba, 'ya'yanta biyu, ɗan sarki, sai tsohuwa mai sihiri. Sauran duk 'yan rakiya ne. Ummu Khairat, yaron da ba a ba shi abin yi ba shi ne ke gudu filin ƙwallo.

Auwal_Kofar_Doka:
Ni dai ban ga dalilin kwaikwayon kayan Amurka ba. Kamfanin katun ne ya ƙirƙiro Sindirela don ya sayar da 'yar tsana.

Maman_Amira_Ingila:
Malam Auwal, a nan akwai gyara. Fim ɗin katun na Disney a 1950 ya fito, labarin kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba. Wani Bafaranshe, Charles Perrault, ya rubuta shi a 1697, kuma a nasa ne ake samun takalmin gilashi da kabewar da ta zama keken doki. 'Yan'uwan nan biyu Jamusawa, Grimm, suka fitar da nasu a 1812. Har a ƙasar Sin akwai irinsa tun ƙarni na 9. Tatsuniya ce ta tsofaffi kamar tamu, a baki take yawo kafin a rubuta.

Mu nan Ingila duk ƙarshen shekara, wajen Kirsimeti, kusan kowane gari sai an yi wasan irin waɗannan labarai, manyan gidajen wasa su yi nasu, makarantu da ƙungiyoyin unguwa su yi nasu. Na kai 'yata ta gani. Abin da ya ba ni mamaki, ba shiru ake yi ana kallo ba. Mugu ya fito yara su yi masa ihu, ya laɓe a bayan jaruma su riƙa ƙwala mata kira ta waiwaya. Kuma namiji ne ke sa kayan tsohuwa ya yi ta barkwanci. Wato su ma sun riƙe tatsuniyarsu ne ta hanyar sa yara su amsa. Ina zaune a wurin ina tuna yadda muke cewa "ta zo mu ji ta".

Baban_Sadiq:
To kin gani. Su nasu suke yi wa 'ya'yansu.

Dalibin_Samaru:
Baban Sadiq, aro ba laifi ba ne, yadda aka yi aron ne abin dubawa. Abubakar Imam da ya rubuta Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937, da yawa cikin labaran ya samo su ne daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Grimm da na Indiya. Amma ya sa musu riga da hula, ya ba su sarki da waziri da kasuwa, har yau mutane da yawa suna ɗauka a nan aka haife su. Idan iyaye sun nace sai Sindirela, a yi mata haka. Ta zama marainiya a gidan matar uba, taron rawar ya zama bikin ɗan sarki ko hawan sallah, takalmin ya zama na fata mai ado irin na dukawa.

Malama, kuma tunda a Zariya kike, kina kusa da inda aka daɗe ana wannan sana'a. Sashen wasan kwaikwayo na Jami'ar Ahmadu Bello ya fara ne a tsakiyar shekarun 1970, dandalinsu ma ginin ƙasa ne irin namu, ɗakuna kewaye da fili. Abin da aka san su da shi shi ne ɗalibai su shiga Samaru da ƙauyuka su haɗa wasa da mutanen gari ba tare da rubutaccen littafi ba. Ki ɗauki wannan dabarar. Kada ki raba wa yara takarda su haddace. Ki ba su labarin da baki, ki ce wane kai ne kare, wance ke ce 'yar bora, ku nuna min abin da ya faru da kuka haɗu. Abin da ya fito daga bakinsu ya yi daɗi, shi za ki rubuta ki ajiye. Yaron da karatunsa bai yi ƙarfi ba sau da yawa shi ne gwanin wasa, takarda ce ke kashe masa gwiwa.

Abu_Hafsat:
Assalamu alaikum. Ni abin da nake so a duba tun kafin a yi nisa: yara 'yan 12 da 13 ba jarirai ba ne. Labarin da ƙashin bayansa shi ne saurayi ya riƙe hannun budurwa suna rawa har tsakar dare, yaya za a nuna shi a gaban iyaye da limamin unguwa? Ba ina cewa wasan yara haramun ba ne. Ina cewa idan aka yi kuskure sau ɗaya, ba za a sake ba ku 'ya'ya ba, kuma iyayen suna da gaskiya.

Goggon_Yara:
Malam Abu Hafsat, maganarka dutse. Amma maganin wannan yana cikin tashe, mu da muka yi shi muna yara mun sani. Daga goma ga azumi maza suna nasu, mata suna nasu. Mu mata idan za mu yi Mairama da Daudu, ɗaya daga cikinmu ce ke sa babbar riga da hula ta zama Daudu, ba wanda ya taɓa cewa uffan. Maza kuma su manna auduga a haɓa su yi tsoho da gemu, ko su rataya tarkace su yi Jatau mai magani. To a yi haka mana. Wasan mata, mata su yi dukan rawar, har sarki da dogarai. Maza a ba su nasu labarin.

Abu_Hafsat:
Goggo, idan haka ne ni ba ni da ja. Sai dai a kiyaye lokacin Islamiyya da na salla.

Malama_Binta:
Na gode ƙwarai. Lokaci mun riga mun tsayar: Alhamis da Juma'a da safe, tunda ranakun ba a zuwa makarantar allo, sai Asabar bayan la'asar ga waɗanda suka samu dama. Shawarar Goggo ta shige ni. Maza kuma wane labari kuke gani?

Tsohon_Hedimasta:
Gizo da Giwa da Dorina. Gizo ya ci bashi wurin kowannensu, ya ba Giwa bakin igiya a tudu, ya ba Dorina ɗaya bakin a ruwa, kowa yana ja yana zaton abin da Gizo ya yi masa alkawari yake ja. Igiya ɗaya kawai kike buƙata da yara a kowane gefe. Na taɓa sa 'yan aji huɗu suka yi shi, iyaye maza har miƙewa suka yi suna zuga ɓangaren 'ya'yansu. Ki nemi yaron da ya fi kowa rashin ji a layinku ki ba shi Gizo. Za ki sha mamakin yadda zai riƙa zuwa kafin kowa.

Hauwa_Funtua:
Ku yi haƙuri zan mai da ku baya kaɗan, domin kowa ya wuce abin da ya fi damuna. Ni 'yar bora ce a gidanmu, ba a tatsuniya ba. Na san yadda ake ji a zauna ana ba da wannan labari, 'yan ɗakin kishiyar uwarka suna gefe, kowa ya san wa ake nufi. A bakin kaka da dare abin yana wucewa. Amma a ɗora shi a dandali, a gaban matan unguwa, a zaɓi 'yar wance ta zama 'yar mowa marar kunya, 'yar wance ta zama ta kirki? Malama, a layinku akwai gidaje masu mata biyu da uku. Wallahi sai an fassara rabon da kika yi. Kuma Sindirela ba ta tsira ba, ita ma muguwar matar uba ce. Akwai matan da ke riƙon 'ya'yan miji tsakani da Allah, su zo kallo a nuna musu cewa matar uba ita ce dodo.

Ummu_Khairat:
Anti Hauwa, Allah ya saka. Ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Baban_Sadiq:
Hajiya Hauwa, na ji zafin maganarki. Amma idan aka cire kishi daga labarin, me ya rage? Tatsuniyar ta rayu ne saboda ta faɗi abin da ke faruwa a gidaje, wanda yaro ba ya iya faɗa da bakinsa. Yarinyar da aka ɗora wa laifin fitsarin da ba ita ta yi ba, ta ga a ƙarshe ita ce ta dawo bisa doki da dukiya. Wata yarinya a cikin 'yan kallo wannan ne kaɗai wurin da za ta ga an bi mata hakkinta.

Hauwa_Funtua:
Ban ce ƙarya labarin ya yi ba. Ni ma ya sanyaya min rai ina yarinya. Abin da nake cewa, 'yar mowa ma yarinya ce, ba ita ta zaɓi ɗakin da aka haife ta ba. A kula da wadda za a ba wannan rawar, kada ta koma makaranta ana kiranta da sunan.

Dalibin_Samaru:
Akwai hanya. A yi ƙuri'a a gaban yaran da iyayensu, kowa ya ga ba zaɓe aka yi ba. Ko kuma yarinya ɗaya ta yi duka biyun, tunda tafiyar 'yar bora da ta 'yar mowa ba lokaci ɗaya ba ne: ta fara zuwa da ladabi, ta sauya zane ta dawo da tsiwa. Haka ma ya fi nuna cewa hali ake magana a kai. Kuma yara suna son yin rawar marar kunya fiye da ta salihar, a nan dariya take.

Dan_Damagaram:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Mu nan gatana muke ce wa tatsuniya, kuma teyatur, wato wasan kwaikwayo, ba baƙonmu ba ne. Zamanin shugaban Nijar Seyni Kunce da aka farfaɗo da samariya, kowace unguwa tana da 'yan wasanta, ana gasa tun daga gari har ƙasa baki ɗaya. Mutane irin su Yazi Dogo, wanda shi ma ya yi mushen lakwal, wato malamin makaranta, da Hausa suka yi suna a talabijin ɗin Nijar. Muna da wasan kara kuma, bayan an kawar da amfanin gona, samari su yi kayan sarauta da na hukuma da kara, wannan ya zama gwamna wancan ya zama alƙali. Abin da zan gaya wa Malama shi ne batun harshe. Mu a lakwal an sa mu haddace labaran Faransanci muna faɗa kamar aku, iyayenmu suna zaune ba su san inda aka dosa ba, sai sun ga an tafa su tafa. Ran da aka yi da Hausa kuwa, tsofaffi suna gyara wa yara waƙa daga inda suke zaune. In don Turanci ne, suna da wata tara a aji suna koyonsa.

Ummu_Khairat:
Dan Damagaram, wata taran nan fa ba kowace makaranta ke koyar da shi yadda ya kamata ba. Iyayen da suka ce a yi da Turanci ba raina Hausa suka yi ba, jarrabawa suke tunawa. Yaro ya tsaya a gaban jama'a ya yi magana da Turanci ba tare da rawar murya ba, wannan ma riba ce.

Zango_Nima:
Gaisuwa daga Accra. Mu 'yan zango muna tsakanin biyu, a gida Gizo, a makaranta Kwaku Ananse, wanda shi ma gizo-gizo ne mai wayo na mutanen Akan. A nan wata marubuciya, marigayiya Efua Sutherland, ta yi shekaru tana ɗaukar labaran Ananse tana mai da su wasan dandali, ta kuma yi aiki sosai kan wasannin yara. Har akwai filin wasan yara mai sunanta a tsakiyar Accra. Abin da ta riƙe shi ne mai ba da labari ya tsaya a cikin wasan, kuma a riƙa katse labari da waƙa jama'a su amsa. To ku ma kada ku cire kaka. Ku sa yarinya ɗaya ta yi shigar tsohuwa, ta zauna a gefe bisa tabarma da mazari, ta buɗe da "ga ta nan ga ta nanku". Duk inda yara suka manta magana ita za ta ɗinke, ba wanda zai gane. Ummu Khairat, kuma ita wannan kakar za ta iya yin maraba da gabatarwa da Turanci idan iyaye suna son su ji.

Sani_Mai_Waya:
Wani abu ban da na kishiya. Ƙarshen labarin fa? 'Yar mowa ta fasa ƙwanta sai kutare da makafi da guragu suka fito suka rako ta gida, wai shi ne sakayyarta. Ƙanena makaho ne, yana karatu, yana da hadda. Ba zan kai shi wurin da za a sa yara su rufe ido suna lalube ana dariya ba. Wannan kam a sauya shi.

Tsohon_Hedimasta:
Malam Sani, gaskiyarka, kuma ba wani sabon abu ba ne a sauya. Frank Edgar ya tara tatsuniyoyin Hausa ya buga su tsakanin 1911 da 1913, wanda ya karanta zai ga labari ɗaya yana zuwa da fuska daban-daban, na Sakkwato daban na Kano daban. Kowace kaka tana gyara nata gwargwadon yaran da ke gabanta. Turawa ma haka suka yi. A na Grimm, 'yan'uwan Sindirela yanke yatsa da dunduniya suka yi don takalmi ya shiga, yau ba mai nuna wa yara wannan. A sa ƙudan zuma da kunamu da cinnaku su fito daga ƙwan. Ƙananan yaran nan 'yan shekara 7 da ba su iya riƙe magana ba, ga rawarsu ta samu: su fito da gudu suna zuuu su bi ta.

Sani_Mai_Waya:
Baba, idan haka ne zan kawo shi, ya ma iya waƙa.

Goggon_Yara:
Ni wata tambaya ce. Da rana za ku yi ko? Mu an hana mu tatsuniya da rana, in dole ce sai an ɗaure Gizo tukun.

Abu_Hafsat:
Goggo, wannan camfi ne, ba abin da zai samu kowa. Dabarar iyaye ce don kada yara su bar aike da tallar rana su zauna hira.

Goggon_Yara:
Na sani Malam. Amma ni da za a sa shi a cikin wasan, kakar nan da Zango Nima ya faɗa ta ce yara ku tsaya a ɗaure Gizo, da tsofaffin wurin sun ji daɗi. Su ma yaran su san an taɓa yin haka.

Tela_Sabon_Gari:
Malama, a kan kaya kada ki bari a sa ki kashe kuɗi. Wannan ma wani dalili ne da ya sa nake bayan ta gida. Rigar gimbiya ta Turawa sai an sayi yadi mai ƙyalli da net, kuma duk yarinyar da ba ta samu ba sai ta yi kuka. Ta gida kuwa a akwatin uwa take: zane, ɗankwali, tsakiya, ƙwarya. Gizo, a samo tsofaffin safa baƙaƙe a cusa musu ƙyallaye a ɗinke a jikin riga ta baya, yana tafiya ƙafafun suna reto. Kunnen Giwa kwali ne, haurenta farar takarda a naɗe. Kura buhu ne a ɗiga masa shuni ko gawayi. Rawanin sarki kuwa mayafin Hajiya ya isa. Ki zagaya shagunan teloli na unguwarku ki ce a tara miki ƙyallaye, yawancinmu zubarwa muke yi. Abu ɗaya: kada a rufe fuskar yaro gaba ɗaya da buhu. Zafi, kuma murya ba ta fita, kuma uwarsa fuskarsa ta zo gani.

Maman_Amira_Ingila:
Ƙarin abu biyu daga abin da na gani a nan. Na farko, ba a barin babba ɗaya shi kaɗai da yara a wurin gwaji, ko da yaushe mutum biyu ko fiye, kuma ana rubuta wanda zai zo ɗaukar kowane yaro. Na biyu, kafin a ɗauki bidiyo a sa a Facebook ko TikTok sai an tambayi iyaye. Wani uban zai yarda 'yarsa ta yi wasa a gaban maƙwabta, amma ba zai yarda ta yi yawo a wayoyin duniya ba.

Auwal_Kofar_Doka:
Hajiya na karɓi gyaran ɗazu. Ni kuma nawa: dogon hutu tsakiyar damina ne. Watan Agusta a Zariya hadari na iya haɗuwa bayan la'asar cikin ɗan lokaci. Ku nemi aji babba ko zaure a ajiye ko da za a gudu ciki. Kuma kada ku dogara da lasifika, wuta na iya ɗaukewa ana tsakiya. A zaunar da mutane da'ira kusa da yara, murya za ta kai. A sanar da mai unguwa da liman tun yanzu, a ba su kujerar gaba.

Fati_Gyallesu:
Ni shekarata 19, bari in faɗi ta matasa. Kuna ta cewa yara sun san Sindirela. Sun san rigarta ne da takalminta. Na gwada ba ƙannena labarin Ta Kitse, yarinyar da aka yi da kitse wadda ba ta shiga rana, wallahi har wayar suka ajiye. Da na zo inda Gizo ke cewa sarki kunnenka nawa, ya ce biyu, ya ce ƙara biyu ka sha labari, kwana suka yi suna maimaitawa. Ba ƙin tatsuniya suke ba, ba wanda ya zauna ya ba su ne. Malama idan kina son mai taimako ina Gyallesu, zan riƙa zuwa.

Ummu_Khairat:
Fati, ƙannenki ne, a ɗaki, da dare. Yara ashirin da rana wani abu ne daban. Ni har yanzu ina ganin a ba su zaɓi. A ba su labaran biyu da baki, rana ɗaya, murya ɗaya, a ga wanda za su ce a sake.

Malama_Binta:
Jama'a Allah ya bar zumunci. Jiya mun zauna da iyaye na karanta musu maganganunku. Na maza an amince, Gizo da Giwa da Dorina. Na mata har yanzu da saura. Uwa biyu sun tsaya kan Sindirela, ɗaya ta ce ta yarda in za a yi mata shigar gida kamar yadda Dalibin Samaru ya kawo. Maganar Anti Hauwa ta sa wurin ya yi tsit, wata ma ta ce a bar labarin kishiya gaba ɗaya a yi Daskin da Riɗi, inda ƙaramar yarinya ta cuɗa wa tsohuwa baya ta samu sunan ɗan sarki. Mun tsaya kan shawarar Ummu Khairat, ranar Alhamis za a ba yaran labaran su zaɓa. Fati, ki turo min saƙo ta akwati. Tambaya ta ƙarshe ga Tela: in ruwan Bagaja aka zaɓa, ita cinyar nan da ke zaune da kare a bukka tana magana, yaya ake nuna cinya a dandali?

Tela_Sabon_Gari:
Matashin kai dogo, Malama. A sa masa ƙafar tsohon wando, a ɗaure ƙasan. Yarinya ta ɓuya bayan zana ta riƙe shi tana motsa shi tana yin gunjin, karen kuma ya riƙa fassara wa 'yar bora abin da ta ce. Ki kawo wandon shago in rage shi, ba sai kin biya ba.

Hauwa_Funtua:
Malama, in an sa rana ki sanar a nan. Funtuwa ba nisa, zan zo da 'ya'yana da na abokiyar zamana.